Safar dambe mai oza 16 ta shagunan Bauchi: ta yi wa buhu, ba ta yi wa fuskar mutum ba

Duk wanda ke leƙa shagunan kayan wasanni a Bauchi, daga kewayen Wunti zuwa babbar kasuwa, ya san wannan safar. Tana rataye a bakin ƙofa cikin leda mai zif, tsakanin rigunan ƙwallo da takalman gudu, ja ko baƙa ko shuɗiya. An buga mata sunan wani babban kamfani a wuyan hannu, galibi Everlast ko Venum, a gefe kuma an rubuta 16, wato nauyinta oza 16. A cikin ledar akwai bandeji guda biyu, wani lokaci har da robar haƙori. Ita ce samari ke saya idan sha'awar damben zamani ta kama su bayan sun kalli Anthony Joshua ko Oleksandr Usyk a gidan kallo, kuma ita ce ake gani a hannun yawancin masu atisayen safe a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa.

Ra'ayinmu a kanta shi ne: ta isa mai farawa ya koyi tsayuwa da jefa hannu a jikin buhu mai laushi na ɗan lokaci. Ba ta isa a saka ta a kara da mutum ba, kuma wanda ke da niyyar mayar da dambe sana'a bai kamata ya daɗe da ita ba.

Farashinta kaɗai ya isa ya gaya maka cewa sunan da ke jikinta aro ne. Safar atisaye ta gaske daga Cleto Reyes na ƙasar Meziko tana haura dala ɗari nesa ba kusa ba, ta Winning daga Japan kuma ta fi haka tsada sosai. Wadda ake sayarwa a nan da kuɗin da bai kai na takalmin ƙwallo mai kyau ba, babu yadda za a yi ta fito daga masana'antar kamfanin da aka liƙa mata sunansa. Saboda haka duk aibin da za mu faɗa ba na waɗannan kamfanoni ba ne, na masu kwaikwayon kayansu ne. Kuma kasancewar safa daga Pakistan ko Sin ba shi ne aibi ba. Garin Sialkot na Pakistan yana ɗinka wa manyan kamfanoni da yawa safar dambe mai inganci. A garin ne kuma ake samun ta banza. Abin dubawa shi ne abin da aka cusa a ciki.

Mu fara da nauyi, don shi ne farkon abin da ke tona asirinta. Oza ɗaya giram 28 ne da 'yar ɗoriya. Safar da aka rubuta wa 16 ya kamata kowace ɗaya ta yi giram 454 ko kusa da haka, mai 14 giram 397, mai 12 giram 340, mai 10 kuma giram 283. Nauyin na ƙwaya ɗaya ne, ba na biyun a haɗe ba. Ka nemi ƙaramin sikelin lantarki irin na masu yin kek, ka ɗora ta dama, ka ɗora ta hagu. Irin wannan safar ta kasuwa sau da yawa ba ta kai abin da aka rubuta mata, kuma abin da ya fi muni shi ne ka tarar ɗaya ta fi ɗaya nauyi. Bambancin giram goma ko sha biyar ba komai ba ne, ana samunsa har a masu tsada. Amma idan mai 16 ta tsaya a nauyin mai 12, to abin da ya ɓace soso ne, kuma a kan gaɓoɓin dunƙule ya ɓace, wurin da aka fi bukatarsa.

Kada wani ya ce oza ɗaya ko biyu ba wani abu ba ne. A watan Yuni na 1983, a Madison Square Garden da ke New York, Luis Resto ya kara da wani matashi mai suna Billy Collins wanda ba a taɓa doke shi ba. Kocin Resto, Panama Lewis, ya zare kusan oza ɗaya ta abin da ke cikin kowace safa kafin a shiga fage. Turmi goma aka yi. Collins ya fita da fuska a kumbure, idonsa ya samu raunin da ya hana shi sake yin dambe har abada. Resto da kocin nasa duk sun yi zaman gidan yari a kan wannan. Wannan oza ɗaya a kowane hannu tana cikin abin da ya kashe sana'ar mutum. Safar da ta zo daga masana'anta a rage, ko wadda sosonta ya mutu, irin wannan ɓarnar take yi a hankali ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Sai soson kansa. Safa mai kyau ta atisaye ana jera mata soso hawa-hawa, mai tauri a kusa da hannu don ya riƙe dunƙule, mai laushi a waje don ya shanye bugu. Wasu kamfanoni kuma suna zuba shi a mazubi ya fito a dunƙule da siffar hannu. Safar gasa ta Cleto Reyes ma gashin doki ake haɗa mata, shi ya sa masu ƙarfin naushi irin su Manny Pacquiao suke sonta. Wannan ta kasuwa, idan ka farke tsohuwa ka duba, abin da za ka gani shi ne falle ɗaya na soso mai saurin lotsewa, wani lokaci da gutsattsarin soso da aka manne da gam a ƙarƙashinsa. Tana sabuwa ba za ka gane ba, don ta cika ta yi ɓul-ɓul. Da ta sha buhu na 'yan makonni sai tsakiyar ta faɗa, soson ya gudu gefe, ka fara jin gaɓoɓinka suna taɓa buhu kai tsaye.

Ga yadda za ka gwada tun a shago. Saka hannunka ciki ka dunƙule. Da babban yatsan ɗaya hannun, danna daidai kan gaɓoɓin manuni da yatsan tsakiya da iya ƙarfinka. Idan ka ji ƙashinka ta cikin soson, ajiye ta. Idan ka saki, soson ya kamata ya dawo nan take. Wanda ya bar rami yana tasowa a hankali, ba zai yi ƙarko ba.

Abu na biyu da za ka duba da hannunka a ciki shi ne ko tana barinka ka dunƙule sosai. A cikin kowace safa akwai wani ɗan sanda mai laushi da ke kwance a ƙarƙashin yatsu, wanda kake damƙewa. A wannan safar yakan zo siriri ko kuma a ɗinke shi can ƙasa kusa da tafin hannu, sai yatsu su rasa abin kamawa, hannu ya zauna a buɗe rabi da rabi. Naushi da hannu a sake shi ke kawo karayar da likitoci ke kira karayar ɗan dambe, wato ƙashin bayan hannu da ke bin ƙaramin yatsa ya karye a kusa da gaɓa. Naushi daidai a kan gaɓoɓin manuni da na tsakiya yake sauka, don su ne ke kan layi ɗaya da ƙashin damtse. Safar da ta karkatar da hannu sai ta mayar da bugun kan ƙananan yatsu biyu, waɗanda ba su da wannan madogara.

Babban yatsa ma a duba. Dole ya kasance an ɗinke shi da jikin safar da ɗan ƙyalle ko fata, don kada ya leƙo ya tsone wa abokin karawa ido, ko ya lanƙwashe baya ya goce. A nan wannan safar ba ta yi laifi sosai ba, yawancinsu suna da wannan ɗinkin. Sai dai zaren siriri ne, kuma shi ne kan fara tsinkewa. Mai gyaran takalmi zai iya ƙarfafa maka shi da zaren nailan tun tana sabuwa, kuma ya kamata ka yi hakan.

Wuyan hannu shi ne inda ta fi ba mu haushi. Madaurinta irin mai mannewa ne, gajere, zagaye ɗaya yake yi. Jikin wuyan kuma babu abin da ke tsayar da shi, kana iya naɗe shi biyu da yatsu. Safa mai kyau idan ka ɗaure ta, wuyan hannunka ba ya iya lanƙwasawa gaba ko baya sai kaɗan. A wannan, da ka jefa naushin gefe ko na ƙasa-sama a buhu mai nauyi, sai hannun ya karye ciki. Ƙurar hunturu kuma tana cika haƙoran madaurin, kafin a jima ya daina kamawa, ka ga yaro yana atisaye yana gyara madauri da haƙori. Tsohon buroshin goge baki yana fitar da ƙurar, amma ba ya ƙara wa wuyan ƙarfi.

Me ya sa muke nanata maganar hannu haka? Saboda jarin ɗan dambe kenan, kuma ko zakarun duniya da ke da likitoci da safa mafi tsada ba su tsira ba. Joe Calzaghe na yankin Wales ya ɗauki kambun duniya na hukumar dambe ta WBO na ajin kilo 76 a 1997 bayan ya doke Chris Eubank, ya riƙe shi fiye da shekara goma, ya kare shi sau 21, ya yi ritaya da nasara 46 ba a taɓa doke shi ba. Amma duk tsawon wannan lokaci yana fama da hannuwa. A 2005 ya karya hannun hagu a farkon wasansa da Evans Ashira ɗan Kenya, kuma shi bahago ne, wato hannunsa mai ƙarfi ne ya tafi. Da hannu ɗaya ya ƙarasa turmi goma sha biyun. Wannan rauni ya sa aka ɗaga babban wasansa da Jeff Lacy zuwa watan Maris na 2006. Wanda ya bi wasanninsa zai lura cewa a farkon sana'arsa yana kayar da mutane da wuri, a ƙarshenta kuma, da Mikkel Kessler da Bernard Hopkins da Roy Jones, duk da maki ya ci, da ruwan naushi masu sauri marasa nauyi. Hannu ne ya canja masa salo. Floyd Mayweather ma, wanda ya tashi da nasara 50, sau ɗaya alkalin wasa ya taɓa yi masa ƙidaya, a 2001 a wasansa da Carlos Hernández. Ba naushin Hernández ne ya kai shi ƙasa ba. Shi ne ya kai naushi, zafin hannu ya sa ya sunkuya har safarsa ta taɓa ƙasa.

Waɗannan suna da kuɗin tiyata da hutun wata shida. Yaron da ke sana'ar walda ko tuƙa Keke Napep a Bauchi yana atisaye da yamma, idan hannunsa ya karye, dambe ya tsaya, abincinsa ma ya tsaya.

Bandejin da ke cikin ledar, gaskiya ka ba yara su yi wasa da shi. Gajere ne ƙwarai, kuma ba ya miƙewa. Hannun babban mutum yana bukatar mai tsawon mita huɗu da rabi, wanda ake rubuta wa inci 180, mai ɗan jan roba kaɗan. Mai inci 120, wato mita uku, na yara ne da masu ƙaramin hannu. Ana samun dogon a wasu shagunan idan ka tambaya, ko ka yi oda daga Kano ko Legas. Idan ya gagara, bandejin naɗe targaɗe na kemis, mai faɗin inci biyu, guda biyu a kowane hannu, ya fi wannan gajeren amfani, sai ka kama bakinsa da filasta.

Naɗin kuma ga yadda yake. Saƙala madaukin a babban yatsa, ka fara ta bayan hannu, ba ta tafin hannu ba, don in ka dunƙule ya ƙara ɗamewa. Zagaya wuyan hannu sau uku. Haura ka zagaya kan gaɓoɓi sau uku, yatsunka a ware. Dawo wuyan hannu, sannan ka ratsa tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ka dawo gindin babban yatsa. Ka sake ratsawa tsakanin na kusa da ƙaramin da na tsakiya, sannan tsakanin na tsakiya da manuni, kowane karo kana dawowa wuyan hannu. Zagaya babban yatsa sau ɗaya ka ɗaure shi da wuyan hannu. Abin da ya rage ka sake bi ta kan gaɓoɓi, ka ƙare a wuyan hannu. Idan ka buɗe hannu ya kamata ka ji daɗi, idan ka dunƙule ka ji ya kama. Yatsu suka fara sanyi ko tsikari, ya yi tsauri, kwance ka sake. Kuma da bandejin a hannu ake gwada safa a shago. Wadda ta yi maka daidai hannu tsirara za ta matse ka ranar atisaye.

'Yan damben gargajiya sun san darajar wannan tun da can. Dubi tsawon lokacin da ɗan dambe ke ɗauka ana naɗa masa zare kafin ya shiga fili, ba ya yarda a yi masa shi sakaka. Abin mamaki sai ka ga wanda ya koma damben zamani yana zura hannu cikin safa haka nan, wai soso ya isa.

Bayan safar ba fata ba ce, ko da mai shago ya rantse. Yadi ne aka shafa wa roba a sama. Kana iya ganewa ta bakin ɗinki, inda za ka hango saƙar yadin a ƙasa, ga kuma warin roba. Wannan ba zai dame mu ba da a ce yanayinmu yana raga mata. Zafin watan Maris da Afrilu yana busar da robar, hunturu ya tsattsage ta, sai ta fara ɓarewa daga kan gaɓoɓi da lungun babban yatsa. Wurin da ya ɓare yana da kaifi, yana yanka gira da leɓe, wanda shi ma dalili ne na hana ta taɓa fuskar mutum. Shafin cikin kuma nailan ne mai riƙe gumi. Da damina, idan ka bar ta cikin jaka kwana biyu, sai wari da fumfuna.

Kana iya ja mata kwana. Da ka gama atisaye ka buɗe bakinta sosai, ka goge ciki da waje da tsumma, ka cusa mata tsohuwar jarida ta tsotse gumin, ka rataye ta a inuwa inda iska ke wucewa. Kada ka shanya ta a rana, kada ka bar ta a but ɗin mota ko ƙarƙashin kujerar babur, kada ka tsoma ta a ruwa. Bandeji kuwa a wanke shi bayan kowane atisaye, shi ya sa ake sayen saiti biyu.

Wani abin da ke kashe safa da hannu tare shi ne buhun da ake bugu. A unguwanni da yawa za ka ga an cika buhu da yashi zalla an rataye a bishiya. Yashi yana sauka ƙasa ya dunƙule, in ya sha raɓa ya koma kamar bulo. Babu safar da za ta jure wannan, balle wannan. Je wurin teloli ka tara ragowar yadi, ka yayyanka, ka dinga cusawa kana dannawa da taɓarya hawa-hawa. Idan kana son nauyi, ƙulla yashi a ƙananan ledoji ka jera su a tsakiya, yadi ya kewaye su ta ko'ina, kada ko ɗaya ta taɓa jikin buhun.

Robar haƙorin da ke zuwa a ledar ta fi babu, amma siririya ce. Tafasa ruwa, sauke shi, tsoma ta kamar daƙiƙa talatin, ɗaga ta ka kaɗa ta a ruwan sanyi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka sa a haƙoran sama, ka ciza a hankali kana tsotsa kana dannawa da yatsu ta kan leɓe. Idan ka buɗe baki ta faɗo, ba ta zauna ba, sake yi. Idan ta huje wurin cizo, ta tashi aiki.

To me za a saya? Wanda kuɗinsa bai kai na sabuwa ta gaske ba, ya leƙa wurin 'yan gwanjo. A cikin dilolin takalma da jakunkuna ana tsintar safar fata ta asali da aka yi amfani da ita kaɗan, kuma sau da yawa mai kayan bai ɗauke ta a bakin komai ba. Gwajin ɗaya ne: danna kan gaɓoɓi, ɗora a sikeli, duba ɗinkin babban yatsa, leƙa ciki ka ga ko shafin ya yage. Tsohuwar safa mai mataccen soso ba ta fi jabu ba, komai sunan da ke jikinta. Idan fatar ta bushe amma soson na da rai, ɗan man kaɗanya kaɗan a tsumma yana dawo da ita. Ka goge cikin da tsumma mai ɗan ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ka bar ta ta sha iska kwana biyu kafin ka saka.

Kuma safa biyu ake yi. Ɗaya ta buhu, oza 12 ko 14. Ɗaya ta karawa da abokin atisaye, oza 16, wadda ba ta taɓa buhu ko sau ɗaya, don buhu ne ke kashe soso. Mai nauyin jiki ƙasa da kilo 60 zai iya karawa da mai 14 idan koci ya yarda. Oza 8 da 10 da kake gani a hannun ƙwararru a talabijin na ranar gasa ne kawai, 8 ga ƙananan aji, 10 ga manya, kuma jami'ai ne ke duba su kafin a ɗaura. Joshua da oza 10 ya tsayar da Wladimir Klitschko a turmi na 11 a Wembley a 2017, amma ba da ita ake shafe makonnin shiri ana karawa a sansani ba. Kulob ɗin da 'ya'yansa ba su da hali, gara su haɗa kuɗi su sayi nagartattu masu oza 16 guda biyu, a ajiye wurin koci don karawa kawai, kowa ya zo da bandejinsa.

Idan ka riga ka sayi wannan ta kasuwa, ba asara ka yi gaba ɗaya ba. Yi amfani da ita a buhu mai laushi da kuma faifan da koci ke riƙewa a hannu, da dogon bandeji a ƙarƙashi, kana mai da hankali kan sauri da daidaita naushi maimakon zuba ƙarfi. Duk mako ka danna kan gaɓoɓin ka ji. Ranar da ka ji ƙashinka ta ciki, ko ka cire bandeji ka ga gaɓa ta kumbura, ka ajiye ta. Kumburin da ya wuce kwana uku, ko yatsan da ya karkace in ka dunƙule, ko gaɓar da ta shige ciki ba ta fitowa kamar sauran, a je asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin a kai hannun wurin mai ɗori.